Baƙon Mako Guda a Ƙauyen Faransa

Faransa ƙasa ce babba a yammacin Turai, babban birninta kuwa Faris. In watan Yuli ya kama a can sai a rufe makarantu, ba a buɗe su sai farkon Satumba. Wannan shi ne lokacin zafinsu. Rana ta kan daɗe ba ta faɗi ba, har ƙarfe tara na dare mutum yana iya karanta littafi a waje ba fitila. A cikin waɗannan watanni biyu ne mutanen birane su ke ɗaure kaya su tafi hutu. Waɗansu su nufi bakin teku, waɗansu su hau duwatsu, waɗansu kuwa su tafi ƙauye.

A dā masu dukiya kaɗai ke tafiya hutu, gama talaka in ya bar aiki yini ɗaya ya rasa ladan wannan yini. A cikin 1936, zamanin da Léon Blum ya ke shugaban gwamnati, aka kafa doka aka ce a ba kowane ma'aikaci hutun mako 2 a shekara, albashinsa kuwa yana tafiya. Aka kuma yi musu rangwamen kuɗin jirgin ƙasa. Daga baya aka yi ta ƙarawa: mako 3 a 1956, mako 4 a 1969, mako 5 a 1982.

To, hutu ya samu, saura masauki. Otal yana da tsada, mai iyali ba ya iya biyan kuɗin ɗakuna da na abinci har kwana bakwai. Maganin wannan damuwa daga ƙauye ya fito.

Gidajen da Aka Bari

A kudu maso yammacin Faransa akwai wani lardi da a ke kira Dordogne. Ya sami sunansa daga wani kogi da ya ratsa shi, mai tsawon wajen mil 300. Ƙasa ce ta tuddai da kurmi da gonaki, tsakaninta da Faris fiye da mil 300. A cikin 1851 mutanen lardin nan sun haura 500,000, amma da aka ƙirga su a 1962 ba su kai 400,000 ba.

Abubuwa uku suka rage su. Na fari, wani ɗan ƙwaro ya shiga gonakin inabi ya cinye saiwar kuringa, manoma da yawa suka tsiyace. Na biyu, yaƙin duniya na 1914 zuwa 1918 ya ci sojan Faransa fiye da 1,300,000, da yawansu kuwa samarin ƙauye ne. Har yau da wuya ka shiga ƙauye a Faransa ba ka ga dutsen da aka rubuta sunayen matattunsa a jiki ba. Na uku, da injunan noma suka zo, aikin da mutum goma ke yi sai mutum ɗaya ya gama shi. Samari suka watse cikin birane neman aiki. Hausawa sun ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Gidajen dutse masu kyau suka zama kango, rufi ya fara yoyo, ciyawa ta rufe ƙofa. Haka abin ya ke a larduna da yawa.

Akwai wani ɗan majalisar dattawa, sunansa Émile Aubert, mutumin duwatsun kudu maso gabas. Ya duba ya ga mutanen birni suna neman masauki mai araha, manoma kuwa ga gidaje ba kowa a ciki, ga rashin kuɗi. Sai ya ce a haɗa su. A cikin 1951 aka gyara gida na farko a lardinsa, aka ba da shi haya ga masu hutu. A 1955 aka kafa ƙungiyar da a ke kira Gîtes de France, da gidaje 146. Kalmar nan ta farko ana faɗinta "jit", ma'anarta masauki. Yanzu irin gidajen nan dubbai ne, ba lardin da babu su.

Ƙungiyar ta kan aiko ma'aikacinta ya duba kowane gida, ya ga tsabtarsa da kayan da ke ciki, sa'an nan ya ba shi daraja. Alamar darajar zangarniyar alkama ce, daga 1 zuwa 5. Mai zangarniya ɗaya gida ne na talaka, amma mai tsabta. Mai zangarniya biyar kuwa ba abin da babu a cikinsa.

Yadda A Ke Kama Gida

A ce ga wani ma'aikacin jirgin ƙasa a Faris, da matarsa da 'ya'yansa uku, suna so su yi mako guda a Dordogne. Tun cikin sanyi, wajen Janairu, zai fara nema, gama gidaje masu kyau su kan ƙare da wuri. Dā littafi a ke bugawa kowace shekara mai sunayen gidajen da bayaninsu, mutum ya zaɓa ya rubuta wa mai gida wasiƙa. Yanzu a intanet a ke dubawa. In ya ga wanda ya yi masa, sai a aiko masa da takardar yarjejeniya. A ciki an faɗi ranar shiga da ranar fita, da yawan mutanen da gidan zai ɗauka, da kuɗin haya. Ya sa hannu, ya aika da kafin alƙalami, sauran kuwa ya cika in lokaci ya matso.

A lokacin zafi yawanci daga Asabar zuwa Asabar a ke ba da haya. Baƙin da suka gama su fita da hantsi, a share gida, sababbi su shigo da la'asar. Saboda haka ran Asabar manyan hanyoyin Faransa su kan cika maƙil da motoci, tafiyar sa'a shida ta koma ta tara.

In baƙi suka iso, mai gida ko matarsa su ke tarbarsu, gama galibi gonarsu tana kusa. A gaisa, a miƙa mabuɗi, sa'an nan a zaga gida tare. Bangon gidan dutse ne mai kauri, don haka cikinsa da sanyi ko rana ta take. Kowace taga tana da ƙyauren katako. Da rana a rufe su don zafi, da maraice a buɗe iska ta shiga. A madafa akwai murhu da firji da tukwane, har da cokula. Baƙi su ke dafa abincinsu da kansu, wannan ne ya sa gidan haya ya fi otal araha.

Akwai wata takarda da aka jera kayan gidan duka a ciki: faranti kaza, kofi kaza, kujera kaza, bargo kaza. Da mai gida da baƙo su ƙirga tare, don kada a yi gardama ranar tafiya. Baƙo ya kuma ajiye waɗansu kuɗi a hannun mai gida kamar jingina. In ya bar gida lafiya a mayar masa da abinsa, in kuwa ya ɓata wani abu a cire kuɗin gyara. Ban da wannan akwai ɗan haraji kaɗan da manya ke biya na kowane kwana, wanda ke shiga baitulmalin hukumar garin.

Zaman Ƙauye

Da sassafe a kan aiki yaro gidan burodi. Burodinsu dogo ne siriri kamar sanda, ɓawonsa da ƙarfi, cikinsa da laushi. Kullum sabo a ke saye, gama in ya kwana ya bushe. Yaron kuwa sai an koya masa ladabin ƙasar. Duk wanda ya shiga kanti sai ya gai da mai kanti tukuna, kafin ya faɗi abin da ya ke so, in zai fita kuma ya yi godiya da ban kwana. Wanda ya shiga ya nuna kaya da yatsa ba gaisuwa, ana ganinsa marar tarbiyya. Baƙo kuma ya lura da agogo, gama a ƙauyuka kantuna da yawa su kan rufe da tsakar rana, kowa ya tafi cin abinci, sai wajen ƙarfe biyu ko uku a sake buɗewa.

Babbar kasuwar wajen nan a garin Sarlat ta ke. Tana ci ran Laraba da ran Asabar. Sarlat tsohon gari ne na gidajen dutse masu launin zuma, da lunguna ƙunƙuntattu. Ya kusa lalacewa, sai a 1962 aka yi dokar kiyaye tsofaffin unguwanni, aka soma gyaransa a 1964. A kasuwar ana sayar da cuku iri iri, da zuma, da tumatir, da naman agwagwa da na dinya. Mutanen Dordogne da kitsen dinya da na agwagwa su ke yawan girki. Suna da wani itace kuma mai 'ya'ya masu ɓawo mai tauri, a fasa a ci ƙwayar, ko a matse ta a sami mai, kamar yadda a ke yi da gyaɗa.

Mai son yawo da ƙafa ba ya ɓata, gama an shafa fenti a jikin itatuwa da duwatsu don nuna hanya. Rawaya alamar gajeren zagaye ce, wanda a ke gamawa yini ɗaya. Fari da ja alamar doguwar hanya ce ta kwana da kwanaki. Hanyoyin nan su kan bi ta gefen gonakin mutane, don haka akwai ƙa'ida. In ka buɗe ƙofar shinge ka rufe, kada shanu su fita. Kada ka tsinki 'ya'yan itacen da ba naka ba. Kada ka hura wuta a kurmi lokacin zafi, gama ganye ya bushe, tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye daji.

Kogi da Ganuwa

Wata rana iyalin nan su kan gangara bakin kogi, su yi hayan kwalekwale su bi ruwa. Kafin zuwan jirgin ƙasa, kogin nan shi ne babbar hanyar fatauci. Jiragen ruwa masu faɗin ciki su ke ɗaukar katako da ganguna su gangara wajen birnin Bordo, su komo da gishiri. Da jirgin ƙasa ya zo sai sana'ar ta mutu. Yanzu an ƙera irin jiragen nan sababbi, suna ɗaukar masu yawon buɗe ido.

Daga cikin ruwa, in mutum ya ɗaga kai, zai hangi manyan gidajen sarauta masu ganuwa da hasumiya, an gina su a kan duwatsu masu tsawo. Biyu daga ciki suna kallon juna, kogi a tsakaninsu. Ɗaya Beynac, ɗaya Castelnaud. Tsakanin 1337 da 1453 sarakunan Ingila da na Faransa sun yi ta gwabzawa a kan mallakar ƙasar, har a ke kiran faɗan Yaƙin Shekara Ɗari. A yawancin lokacin nan Beynac tana bayan Faransa, Castelnaud kuwa ta sha zama a hannun mutanen Ingila, sai a 1442 aka ƙwace ta. Karon ƙarshe na yaƙin a bakin wannan kogi aka yi shi, a Castillon, a 1453, Faransa ta ci nasara. Yau jikokin mayaƙan nan, Ingilishi da Faransawa, a layi ɗaya su ke tsayawa su sayi tikiti su shiga kallo.

Kogon da Yara Suka Gano

Abin da ya fi kome jawo baƙi zuwa Dordogne yana ƙarƙashin ƙasa. Kusa da garin Montignac akwai wani tudu mai kurmi da a ke kira Lascaux, ana faɗinsa "Lasko". A watan Satumba na 1940 wani saurayi mai shekara 18, sunansa Marcel Ravidat, yana yawo da karensa, sai ya ga wani rami. Ran 12 ga watan ya komo da abokansa uku, ƙaraminsu shekararsa 13. Suka faɗaɗa bakin ramin, suka zurara ciki da 'yar fitila. Da suka haska bango, sai ga dawaki da shanu da bareyi a zane, ja da rawaya da baƙi, kamar jiya aka gama su.

Yaran nan ba su kankare kome ba, ba su rubuta sunansu a bango ba. Suka je suka gaya wa wani tsohon malamin makarantar garin, Léon Laval, shi kuma ya sanar da masana. Da aka bincika aka ga zanen ya kai shekara 17,000, ko ma ya fi. Akwai siffofi wajen 600 na fenti, da waɗansu kusan 1,500 da aka ƙarta a jikin dutse. Dawaki sun fi yawa. Wani bijimi tsawonsa ƙafa 17. Irin shanun dajin nan sun ƙare a duniya, ta ƙarshe a 1627 ta mutu a ƙasar Folan. Masu zanen da jar ƙasa da rawayar ƙasa da wani baƙin dutse su ke haɗa launi. Fitilarsu kuwa dutse ne mai ɗan zurfi, a zuba kitsen dabba a kunna. Ba a Turai kaɗai mutanen dā suka yi irin wannan aiki ba. A duwatsun Birnin Kudu ma akwai zanen shanu, ko da ya ke bai kai na Lasko daɗewa ba.

A 1948 aka buɗe kogon don jama'a. Mutane suka yi ta tururuwa, har a rana ɗaya a kan sami fiye da mutum 1,000. Ba wanda ya zo da mugun nufi, kowa sha'awa ta kawo shi. Amma kogon ya yi dubban shekaru a rufe, sanyinsa da iskarsa ba su sākewa. Kowane mutum in ya numfasa yana fitar da laima da gurɓatacciyar iska, jikinsa yana ba da ɗumi, takalmansa suna shigo da ƙura da ƙwayoyin tsiro. Ga kuma hasken lantarki da aka sa. Ba a daɗe ba sai gansakuka kore ta fara bin bango, wani fari fari kuma kamar kanwa ya fara rufe zanen. Abin da ya tsira shekara 17,000 a cikin duhu, ya soma lalacewa cikin shekara 15.

A 1963 ministan al'adu, André Malraux, ya ba da umurni a rufe kogon. Yanzu ba mai shiga sai ma'aikata da masana kaɗan, su ma na ɗan lokaci. Don kada jama'a su rasa gani, sai gwanaye suka gina kogon kwaikwayo kusa da na ainihi, suka zana dabbobin daidai yadda su ke, da irin launin da mutanen dā suka yi aiki da shi. Aka buɗe shi a 1983. A 2016 aka buɗe wani wanda ya fi shi girma a gindin tudun. Yaran da suka zo daga Faris wannan za su gani. Na ainihin yana can sama a kulle.

Ɗaya daga cikin yaran nan huɗu, Jacques Marsal, bai rabu da kogon ba. Tun farko shi da Marcel suka kafa tanti a bakinsa suna gadi, kada wani ya shiga ya yi ɓarna. Da ya girma ya zama mai tsaron wurin, yana nan a kan aikinsa har ya rasu a 1989.

Ranar Tafiya

Asabar ta kewayo, mako ya cika. Tun da asuba iyalin su tashi, uwa ta wanke tukwane, uba ya fitar da shara, yara su share ɗakuna su naɗe barguna. In mai gida ya zo a ɗauko takardar nan a sake ƙirga. A ce ƙaramin yaron ya fasa faranti ran Talata. Yana iya ɓoye gutsattsarin a cikin shara, watakila a yi kuskuren ƙirga a wuce. Amma uban kirki ya kan sa yaron ya faɗa da bakinsa. Kuɗin faranti kaɗan ne, sau da yawa ma mai gida ya kan yafe. Abin da ya ke so ya sani shi ne, ko ya ba da gidansa ga masu riƙon amana. Irin waɗannan baƙi in sun nemi gidan baɗi, da murna a ke ba su.

Kuɗin da suka biya ba a banza ya tafi ba. Da shi manomi zai gyara rufin gidan kakansa. Mai burodi da mai kwalekwale da mai zuma duk sun sami rabonsu, har wani saurayi da ya yi niyyar tafiya birni ya ga yana iya zama a garinsu ya ci abinci. Ta haka baƙo ke raya ƙauye. Amma labarin Lasko ya nuna baƙo yana iya kashe abin da ya zo kallo, ko bai nufa ba. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Raɓa ta kan sauka da dare ta jiƙa shuka, da hantsi ta tashi, ba ta karya ko ganye ɗaya ba. Wanda ya sauka a gidan wani, ko ya je kallon abin tarihi, a Faransa ne ko a Birnin Kudu, ya yi ƙoƙari ya bar wurin yadda ya same shi, domin akwai mai zuwa bayansa.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka fara ba ma'aikatan Faransa hutu da albashi, mako nawa kuma aka ba su?
2. Faɗi abubuwa uku da suka sa mutane suka ragu a Dordogne.
3. Mene ne amfanin takardar da a ke jera kayan gida a ciki?
4. Me yaran nan huɗu suka yi da suka ga zanen cikin kogo?
5. Don me aka rufe kogon Lasko a 1963?
6. Rubuta layi goma a kan abin da ya kamaci baƙo ya yi in ya sauka a gidan wani.